Habbatus Sauda a Ruwan Ɓeraye

Har yau ban manta da ranar da Malama Hajara ta shinshina kwalbar ruwan ɓeraye ba. Ku sababbin ma'aikata, ku saurara.

Lokacin ina leburar ɗakin dabbobi a wurin bincike, kullum daga Tudun Wada nake hawa mota. Mu biyu ne, ni da Malam Ɗanlami mutumin Gyallesu, shi ne babba don shi ke riƙe da makulli. Malama Hajara kuwa ɗalibar digiri na uku ce. Ta raba ɓeraye gida biyu. Kashi ɗaya a haska musu radiyeshan, irin hasken da ake ƙona ciwon daji da shi, ɗayan a ƙyale su. Ta ce mana ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo ta cikin jini, kamar 'yan sintiri in ɓarawo ya shigo unguwa, ita so take ta ga yadda hasken ke rikita saƙon. Sharaɗi ɗaya ne: abinci iri ɗaya, dafaffen ruwa iri ɗaya, ko gishiri kada a ƙara.

Waɗanda aka haska suka rame, gashinsu ya tashi. Ɗanlami ya dinga tsayawa a kansu yana girgiza kai, wai bayin Allah. Mutumin da a gidansa shinkafar ɓera yake zuba musu.

Sakamakon jini ya fito ba kai ba gindi. Malama ta zargi na'ura, ta zargi kanta, ga lokacin miƙa aiki ya matso. Ranar nan ta hango maiƙo a bakin wata kwalba, ta kai hanci.

"Inna Ladi, me ke cikin ruwan nan?"

Na ce, "Ni wanki nake yi. Mai makulli ke zubawa."

Ɗanlami ko kunya babu. "Man habbatus sauda ne da 'yar zuma, Malama. Lada nake nema."

"Tun yaushe?"

"To, wani lokaci in sa, wani lokaci in manta."

"A wane keji?"

"Wanda ya fi ba ni tausayi."

Malama ta zauna a kan bokiti. Ni ce na ce, "Malam, ni ma ina shan habbatus sauda, ba raina ta nake ba. Amma da lada kake so, ga mutane can kwance a asibiti, da ka kai musu zumar."

Shugaban sashe ya ce duk a zubar da sakamakon. Malama ta ƙara shekara guda. Ɗanlami aka karɓe makulli daga hannunsa, amma har gobe yana faɗa wa mutane shi ya rayar da ɓerayen.

Abin da na koya, a aikin nan tausayin dabba shi ne bin ƙa'ida, don kada wahalarta ta tafi a banza. Ɓerayen farko duk sun mutu ba su amfani kowa ba. Aka sayo sababbi, kuma shi mai tausayin, da hannunsa ya ɗauki kejinsu zuwa ɗakin haske.