Tuwon Cima

A unguwar su Hamidu, a Deule, namiji ba ya cin tuwon dare a ɗaka. Da an idar da sallar magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa, a zauna ƙofar gidan tsoho Arzika a yi ciyayya. Babu wanda ya taɓa cewa dole ne. Amma wanda bai fito da kwano ba shi ma ba ya fitowa, kuma a hankali sai a daina neman shawararsa ko da kan bakin rijiya ne.

Hamidu ya yi cin rani har Abijan yana saurayi, ya dawo ya kama noman hatsi da 'yar albasa, ya auri Asiya. Shekara da shekaru kwanonsa ne ke fara ƙarewa, don Asiya akwai hannu. Sai ta rasu. 'Ya'yansu maza duk suna Libiya. Aka yi ta yi masa tayin mata, ya ce a bar shi tukuna, tukunan nan kuwa ta ƙi ƙarewa.

Kaɗaicin ya fi yunwa cin sa. Yana jin dariyar abokansa ta bayan katanga, ga shi ba shi da abin fita da shi. Namiji mai furfura kuma ya riƙe muciya? Ai da ya shiga bakin mata a rijiya har ya mutu. Duk da haka wata la'asar ya kulle ƙofa, ya ɗora tukunyar Asiya, ya tuƙa abin da ya sawwaƙa. Da ya ajiye a gaban jama'a ya ce ƙanwarsa Cima ce ta aiko.

Cima dai tana ƙarshen gari, sanyin ƙashi ya daɗe da nannaɗe mata yatsu. Tuwon kuma gudaji ne kamar tsakuwar Adar. Aka ci, aka ce a gai da Cima. Hamidu ya koma gida yana jin daɗin wayonsa, bai ko tuna cewa hayaƙi ba ya jin kulle ƙofa ba. Haka aka yi ta tafiya, damina da rani.

Sai Munir, ƙanen Lawali maƙwabcinsa, ya dawo daga Abijan. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba shi da birki. Ran nan ya hau gyaran rumbun Lawali ya hango Hamidu tsugune gaban murhu. Da aka zauna ci ya ce, da nufin yabo, "Hamidu, hannunka na da kyau. Na gane ka ɗazu kana tuƙi. Can ai maza na dahuwa, ba wani abin kumya ba ne."

Lomar Hamidu ta tsaya a hannu. Ya ji dama ƙasa ta tsage ya shige.

Arzika bai ɗago kai ba. "Tuwon Cima na," in ji shi.

"Na Cima na," in ji Lawali. "Ni nis san hannunta."

Haka maganar ta zagaya tabarma, kowa da tasa shaidar. Munir ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya sosa ƙeya. "To, wataƙila rana ta ta dake ni bisa rumbu," ya ce, ya kai hannu cikin kwanon.

A nan Hamidu ya gane cewa tun ranar farko babu wanda ya yaudara. Kunya ta kama shi, ƙaunarsu kuma ta cika masa ciki.

Washegari ya daɗe tsaye a bayan ƙofa da kwano a hannu, yana shawarar ko ya zauna abinsa. Daga baya ya fita. Aka matsa masa wuri kamar kullum. Arzika ya yanki loma, ya dangwali miya, ya yamutsa fuska.

"Hamidu, ka hwaɗa ma Cima ta rage gishiri. Tsuhwa muka yi."

"Ta jiya," in ji Hamidu. "Gobe tana ragewa."