Hure Mai Hatsin Tattabaru Ta Zama Lauya

Ni ce Hure, mai sayar da hatsin tattabaru a unguwar Misfala. Na zo aikin hajji da ƙuruciyata na maƙale, ga furfura ta fito, iƙama, takardar izinin zama, ko ƙamshinta ban taɓa ji ba. Jami'an jawazat kuwa, masu kamen marasa takarda, daga nesa nake gane takunsu, in kwashi tirena in faɗa lungu.

Amma a wurin dangi ni babbar mace ce. Maƙwabciyar Ka'aba fa! Duk wanda akuyarsa ta ɓata a gida, ni yake kira in yi addu'a. Da haka kaina ya kumbura, na fara ba da shawara ma.

Ƙanena Nasrullahi direban tasi ne a Amurka. Rigima ta haɗa shi da wani fasinja, kotun jiharsu ta ɗaure shi shekara goma sha biyu, shi kuma ya rantse kare kansa ya yi. Ni na goye shi, na yarda da shi. Ya bugo daga kurkuku ya ce, "Yaya, an ce in fara bin kotunan jiha ɗaya bayan ɗaya, sannan in kai kuka kotun tarayya cewa an tsare ni ba bisa ƙa'ida ba."

Na ce, "Kai, wane irin ɗaya bayan ɗaya? Mu nan in muna da kuka, ma'arud ake rubutawa, takardar roƙo, a miƙa wa babba kai tsaye. Wa yake tsayawa wurin mai gadi? Yalla, tafi sama!"

Ya tafi sama. Ni da ba na iya tsallaka titin Kudai sai na waiwaya sau uku, ni ce lauyan Amurka.

Alƙalin tarayya ko labarin fasinjan bai saurara ba. Ya kori ƙarar, wai an tsallake na ƙasa. Da Nasrullahi ya koma ƙasan, aka ce lokaci ya wuce. Wallahi ranar na yi kuka har tattabaru suka cinye rabin tiren ban kore su ba.

Sai ga shi ya sake bugowa. Dariya ya yi, ya ce, "Yaya, ki koma sashen addu'a, can kika fi ƙwarewa."

Na ce, "Ka yi haƙuri, ɗan'uwana. Ina tausayinka, a kulle ba fita."

Ya ce, "Ni an faɗa mini ranar fitata, Yaya. Ke fa?"