Ruwan Taliya a Bakin Kwata

Gidan hayar da na tashi a cikinsa a Gyadi-Gyadi ɗaki shida ne, amma a wurin Inna mazaunansa sun fi waɗanda ido ke gani. Ban da mu 'yan Adam akwai mutanen ɓoye, kuma a cewarta bakin kwata ne dandalinsu, nan 'ya'yansu ke wasa da rana tsaka. Shi ya sa doka ɗaya ba ta da sassauci a gidanmu: ba a zubar da ruwan zafi sai an yi bismillah, a ɗan dakata, a ba su damar kwashe yaransu. Wanda ya ƙona ɗan wani, in ji ta, ya saurari ranar da za a taɓa nasa.

Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ya fi ni girma. Nakan tambaye ta ko su ma ana yi musu kitson sallah, ta kai mini ranƙwashi.

Maƙwabciyarmu Bayarabiya ce, Kirista, mai ɗinki, kowa Iya yake ce mata. Na zaci ita za ta goya mini baya, ashe nata sun fi na Inna. Ta ce a dajin garinsu akwai wasu gajeru, kowanne rungume da 'yar tabarma, suna tafe suna kuka. Wanda ya fizge tabarmar zai yi arziki, amma kukan zai bi shi har gida. Ita ba ta bismillah, sai dai kafin ta zubar da ruwa takan ce, "Gafara dai, masu ƙasa." Inna ta ce addini ne ya bambanta, ladabin ɗaya ne.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya, wata Asabar bayan azahar, aka sa ni tace taliya. Ƙawayena suna jirana a waje za mu yi 'yar gala-gala. Na kamo tukunya da tsumma, na tsaya a bakin kwata. Ba mantuwa na yi ba, wannan nake so a gane. Bismillar ta zo har bakina, na haɗiye ta da gangan don in ga abin da zai faru. Na kwara ruwan. Tururi ya tashi, wani ɗan siririn sauti ya fito daga ramin, kamar an taka ɗan tsako. Na ce a raina ɓera ne, na yi ficewata.

Bayan kwana uku ƙanina ya kwanta. Watansa goma, ya fara miƙewa yana dafa bango. Zazzaɓi ya fara yi, sai ƙuraje suka feso masa jajur daga wuya zuwa ƙirji, fatar kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. A asibiti aka ce ƙyanda ce. Iya ta rufe keken ɗinkinta ta zo tana taya Inna jinya. Da hantsin kwana na takwas maza suka fita da shi a naɗe cikin tabarma, ni kuma na shige bayan ƙyaure na kasa ko kuka.

Ban gaya wa kowa ba. Na girma, na yi karatun aikin jinya, yaran da na yi wa allurar rigakafin ƙyanda da hannuna ba su ƙirguwa. Na san ƙwayar cutar, na san yadda take yaɗuwa, in aka ba ni allo zan koyar da ita. Duk da haka, ran da 'yata ta nuna mini hoton gajerun aljanun Turawa masu jar hula a littafinta, ta ce a can ma ana ajiye musu madara a bakin ƙofa don kada su yi fushi, dariya na yi mata amma bakin kwatar nan ne ya faɗo mini a rai. Ashe ko'ina mutane lallaɓa su suke yi, ni kaɗai ce mai ƙarfin halin gwaji.

Bara Inna ta dawo gidana a Tarauni saboda ciwon ƙafa. Wata la'asar tana zaune a ƙofar kicin da carbinta, ina yanka alayyahu, sai kawai na ji na gaji da ɗaukar abin.

"Inna, akwai maganar da na riƙe shekara talatin," na ce. Na ajiye wuƙar na faɗa mata komai, har haɗiye bismillar da na yi.



"Ai na gan ki," ta ce. "Ina ɗaki ina ba ƙaninki nono, labule a ɗage. Na ga kin tsaya, na ga kin datse baki."

"Kika yi shiru duk shekarun nan, Inna?"

"To in ce miki me? In rasa ɗaya, in kuma karya ɗayar? Ajali ne, wannan na sani. Allah ya ba ni, ya karɓi abinsa."

Ta ja carbi biyu ko uku, sannan ta dube ni.

"Da na ga kin karkata tukunyar, ni na yi miki bismillar daga ɗaki. Abin da ban sani ba har yau, 'yar nan, ko tawa ce ta riga, ko ruwan ne."