Kumburin Wuyan Gimbiya

Ƙanena bai taɓa yarda an fi shi sanin saniya ba. Ni na goye shi, na san lokacin da ko majinarsa ba ya iya sharewa, amma tun da ya mallaki shanu biyar ya koma tafiya kamar shi ya ƙirƙiro kiwo. A bayan idonsa 'yan unguwa na ce masa Angon Saniya. A gabansa kuma Maigida, don ana son madararsa.

Cikin shanun akwai wata fara mai baƙin kunne, ita ce Gimbiya. Ita ake fara zuba wa dusa. Ita ke da rumfar kwano, sauran su sha rana. In ta yi tari sai ya yar da abin da ke hannunsa ya ruga, ya ce ƙurar harawa ce ta shaƙe ta. Matarsa kuwa ta yi wata da watanni tana tari a ɗaki, ta rame har zane na zagaye ta sau biyu, abin da ya ce kawai shi ne ta rage zama bakin murhu. Madarar Gimbiya ba ta sayarwa ba ce, ta gida ce, kuma ba a tafasa ta. Wai wuta na kashe ƙarfin madara. Da ɗuminta suke sha, shi da matar da duk baƙon da tsautsayi ya kawo da safe. Ni nakan ce cikina ba ya so.

Wata rana likitar dabbobi ta shigo unguwa tana bin gida gida, tana gwajin tarin fuka. Yarinya ce siririya, da takalmin roba har gwiwa. Ta aske ɗan wuri a wuyan kowace saniya, ta auna kaurin fatar da wani ƙarfe mai kama da hantsaki, ta tsira 'yar allura. Ta ce bayan kwana uku za ta dawo ta ga wadda wurin ya kumbura. Ta buɗe baki za ta ƙara bayani, ƙanena ya ɗaga mata hannu.

"'Yata, tun ba a haifi babanki ba nake kiwo. Je ki, rana na yi."

A saninsa, allura in ta kumbura ta kama ke nan. Haka muka saba gani a damtsen jarirai, a yi musu, wurin ya tasa ya bar tabo, uwa ta yi murna. Da wuyan Gimbiya ya tasa kamar an cusa ƙwai a ƙarƙashin fata, sai ya aiko a kira ni.

"Yaya, zo ki ga jini mai kyau. Ita kaɗai ta karɓi maganin."

"Sauran fa?"

"Waɗancan 'yan asara, ko allura ba ta zama a jikinsu."

Abin ya ba shi kunya ƙwarai. Ya wuni yana mintsinar wuyan huɗun, yana goga musu man zafi da garin barkono ko sa kumbura su fitar da shi kunya. Suka yi ta harbi, ɗaya ta take masa ƙafa. Bai hana shi ɗingisawa har shagon tela da teburin mai shayi ba, yana gayyatar mutane su zo kallon kumburi.

Ranar da likita za ta dawo ya sa rigarsa ta zuwa unguwa. Ya ɓoye huɗun a bayan gida, ya jawo Gimbiya tsakar gida, an wanke ta tas. Likita ta sa ƙarfenta ta auna, ta sake aunawa. Ta nemi sauran, ya kawo su yana sunkuyar da kai. Ta shinshina wuyan ɗaya, ta yi atishawa.

"Waɗannan sai an sake musu gwaji, an ɓata wurin. Wannan farar kuwa, Baba, tana ɗauke da cutar."

"Kin juya abin, 'yata. Duba da kyau."

"Ba rigakafi na yi musu ba. Gwaji ne. Jikin da cutar ke ciki shi ke kumbura. Wa ke shan madararta?"

Kafin ya haɗa ƙaryar da zai yi, matarsa ta sarƙe da tari daga ɗaki, irin mai fitowa tun daga ƙasan ƙirji. Na ce wa likita ga amsarki nan.

Daga nan ya shiga ciniki. A ba ta magani. Likita ta ce ba a yi wa saniya maganin wannan, mayanka za a kai ta. To a ɗauki biyu cikin waɗancan a bar masa ita. Ta ce ba yunwar nama ta kawo ta ba. Sai ya juya kan matarsa, wai ita ke zuwa tana tari kusa da rumfa, ita ta shafa wa baiwar Allah. Likita ta ce wanda ya shafa wa wani, asibiti ne za su duba, su je su biyu a gwada kakinsu.

Na bi shi mayanka don kada ya yi abin kunya. Mahauci ya buɗe ƙirjin, ya zaro huhun ya shimfiɗa a kan siminti. Duk ƙulle-ƙulle ne rawaya, manya da ƙanana, wuƙa na bi ta kansu tana ƙara kamar ta shiga tsakuwa. Likita, da ke tsaye a wurin, ta ce naman ba na ci ba ne, binnewa za a yi. Ƙanena ya durƙusa da rigarsa mai kyau a cikin ruwan jini, ya daɗe yana kallo.

"Likita, duk wannan lokacin zafi take ji?"

"Numfashi dai da wahala take yin sa, Baba."

Na ce masa, "Akwai mai irin wannan numfashin a ɗakinka, ita kuma tana da baki, kana iya tambayarta."

Ya miƙe, muka koma gida. Washegari dai shi da kansa ya ɗora ta a babur zuwa asibiti. Gwaji ya nuna su duka biyun suna da ita, aka ɗora su a kan ƙwayoyi na watanni, aka ce ko sun ji sauƙi kada su yanke.

Tun da ya rasa Gimbiya ya rasa inda zai kai hannunsa, sai ya maida kiwon kan matar. Da safe yana tsaye a kanta da kofin ruwa har ta haɗiye maganin. Ya gwale mata ido ya duba jini, ya latsa haƙarƙarinta ya ji ko nama ya fara rufewa. In baƙi sun zo ya ce ta tashi ta ɗan zaga tsakar gida su ga yadda ta murmure.

Jiya na same ta tana cin abinci, yana zaune gefe yana lura da yadda take taunawa. Da ya fita ta matso kusa da ni.

"Yaya, ni kam ban sani ba, murna zan yi ko in ji haushi?"

Na ce ta ci abincinta, a gidan nan ba a taɓa ɗaga mutum zuwa wannan matsayin ba.