Kujera Mai Gashin Baya

Yayana mutum ne da zai sa takalmi har sai diddigensa ya fara taɓa ƙasa kafin ya yarda takalmin ya mutu. Hatsi yake saye da sayarwa a kasuwar Ƙaura Namoda, yana da rufin asiri daidai gwargwado, amma tsohon babur ɗinsa sai an tura yake tashi. Shi ya sa ranar da ya same ni a makarantar da nake koyarwa ya ce in shirya in raka shi Shinkafi zai sayi jif, na tsaya ina kallonsa baki buɗe. Na zaci zazzaɓi ne ya hau masa kai.

Lokacin jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba, ga Shari'a an ƙaddamar, gari ya cika da sababbin abubuwa. A cikinsu har da sababbin masu kuɗi, kansiloli da 'yan kwangila, kowa da jif ɗinsa yana watsa wa mutane ƙasa. Babu wanda ya kai Yaya yi musu tsiya. In ɗaya ya wuce ta gaban rumfarsa sai ya ce ga wani can ya ɗauko gidansa ya ɗora wa taya.

Dalilin da ya sa shi ma zai sayi jif, mahaifiyarmu ce. Inna tana Gurbin Ɓore, ta ƙi dawowa Ƙaura tun rasuwar Baba. Ciwon baya da ƙugu ya ci ƙarfinta har ƙafafu sun fara ƙin ɗaukarta. Ma'aikacin lafiyar da ya duba ta ya ce sai an riƙa kai ta babban asibiti a Gusau, kuma in aka yi sake za ta zauna ke nan, ba za ta ƙara takawa ba. To da me za a kai ta? Hanyar garinmu yashi ne da rafi, ƙananan motoci nan suke kwana. 'Yan kabu-kabu an hana su ɗaukar mata, ko ba a hana ba ma Inna ba ta iya zama kan babur. Ga bazara ta yi nisa, da ruwa ya sauka rafi zai kawo, hanya ta yanke sai kaka.

Akwai wani abu kuma da ya kamata in faɗa. Yaya shi ne ɗan farin Inna, saboda haka kunyarsa take ji irin ta mutanen da. Ba ta faɗar sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta yaba masa a gaban ido. Yana zaune gabanta za ta juyo gare ni ta ce, “Gaya mishi kaza.” Na girma ina yi wa uwa da ɗanta tafinta alhali harshensu ɗaya, abin yana ba ni haushi ba kaɗan ba.

Dillalin da muka je wurinsa ta Maraɗi yake shigo da motocin Kwatano, bakinsa ma ya ɗauko maganar can. Jif uku ya jera a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro, na zagaya su na kasa ganin bambanci. Ƙira ɗaya, tsawo ɗaya, kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Amma da ya faɗi farashi sai na ga tsakanin ta farko da ta ƙarshe mutum zai iya kafa garken shanu.

“To mi yas sa kuɗɗin ba ɗai ba na?” in ji Yaya.

“Dut kat-kat na, Alhaji, ƙahwa huɗu ka ja, injin guda. Bambancin ciki ya ke. Ku leƙa ku gani.”

Muka leƙa. Ta farko kujerun yadi gare ta, yadin ma mai kaushi, babu esi mai sanyaya mota, gilashi da hannu ake murɗa shi. Yaya ya ga wannan ya ji ya zo gida. Ya ce shi yana da hannu, zai murɗa abinsa, iska kuma Allah ya ba da ta kyauta. Ni ta biyu ta kwanta mini. Yadinta mai laushi ne, tana da esi, kuma kujerar gaba tana kwantawa sosai yadda mara lafiya zai miƙe. Na ja shi gefe na yi ta yi masa bayani: tafiyar Gusau da tsohuwa cikin wannan zafi ba esi zalunci ne, ya daure ya ƙara ya ɗauki ta tsakiya. Muka yi ta ja, yana cewa ni malamin makaranta ban san zafin nema ba, ina cewa shi rowa za ta kashe shi.

Ta ukun ko kallonta ba mu yi ba, dillalin ne ya nace sai mun shiga ko don ido ya sha. Ita ce wai ful ofshin, wato mai komai da komai. Kujerunta fata ce baƙa wuluk, mai laushi da ƙamshi. An liƙa katako mai sheƙi a gaban direba, rufin kuma yana da taga da ke zugewa, ban san me mutum zai nema a sama yana tuƙi ba. Na zauna a kujerar gaba, dillalin ya tayar da mota ya danna wani ɗan maɓalli, wata 'yar fitila ta kama. Muna cikin magana sai na ji bayana yana ɗaukar zafi, daga ƙugu yana hawa. Na yi tsalle na fito ina salati, ina cewa a kashe, wuta ta kama.

Dillalin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ba wuta ba ce, kujerar ce aka yi ta haka, don ƙasar da motar ta fito ƙanƙara ke zuba, sai an gasa wa mutum baya yake iya tuƙi. Maɓallin ma hawa biyu ne, na farko kawai ya danna mini. Wallahi na daɗe ban ji abin da ya ɗaure mini kai irin wannan ba. A Shinkafi, a tsakiyar bazara, inda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu, wai mutum ya biya kuɗi a ƙara masa zafi.

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce in kauce, ya shiga ya zauna, ya jingina bayansa sosai ya rufe ido. Gumi ya yi ta tsiyaya ta gemunsa, rigarsa ta jiƙe, bai motsa ba. Da ya fito sai ya dubi dillalin ya ce, “Wagga za mu ɗauka.”

Na riƙe masa hannun riga. “Yaya, lahiya kake? Wagga hwa? Kai da kac ce gilas ma da hannu za ka murɗa?”

Ya biya kuɗi muka hau hanya, shi ke tuƙi, don ya taɓa jan akori-kura da ƙuruciya. Can ya ce, “Malam, gashi na. Sahe da marece sai an gasa mata baya da ruwan zahi take samun sauƙi. Bisa hanya wa ka yi mata?” Gaskiya ne, ƙanwarmu da ke zaune da Inna kullum tana kan murhu da tsumma. Ni na ga abin dariya, shi ya ga tsumman gashi da ba ya hucewa. Raina ya yi sanyi, na ji ina ƙaunarsa fiye da kullum, ko da yake ban gaya masa ba.

Washegari muka shiga Gurbin Ɓore, motar ta ratsa yashin nan kamar ba komai. Unguwa ta taru a ƙofar gida. Ni da ƙanwarmu muka tallabo Inna muka fito da ita, muka buɗe mata ƙofar gaba, na yi mata bayanin kujerar da abin da take yi. Ta miƙa hannu ta shafa, ta kai hanci ta shinshina, sannan ta janye hannun ta goge a zane.

“Tambaye shi, hwatam mi ta wagga?”

Na ce ta saniya ce mana.

“Kai kag gani? Wa yay yanka dabbar? Ya yi bisimilla?”

A shekarun nan komai sai an tambayi halaccinsa, daga man shafawa har takalmi, kuma an sha faɗa a wurin wa'azi cewa Turawa har fatar alade suna jemewa. Ba wanda ya kawo wannan a ransa a Shinkafi. Inna ta ce a mayar da ita ɗaki.

Babu abin da ban gwada ba. Na ɗauko takardun motar, sai na tarar ba da Ingilishi aka rubuta su ba, wani yare ne da haruffansa ma wasu da ɗigo biyu a ka. Muka je wurin limamin garin, ya ce ko fatar mushe ce, in an jeme ta ana iya zama a kanta in ta bushe, salla ce ba a yi, sai dai in ta alade ce. Ya tambaye mu ko za mu iya rantsuwa ba ita ba ce. Wa zai rantse? Yaya ya koma Shinkafi ko a musanya masa da mai yadi, ya tarar an sayar da duka biyun, dillalin ma ya tsallaka iyaka. Na ce wa Inna to a shimfiɗa bargo a kai, a ɗora buzunta na salla. Ta ce ko bargo nawa aka shimfiɗa abin yana ƙarƙashinta.

A nan haƙurina ya ƙare, na ɗaga mata murya, abin da ban saba ba. Na ce mutum ya zubar da guminsa na shekaru saboda ita, ƙafafunta na mutuwa, ita kuma tana maganar wata dabba da ta mutu a wata duniya. Ta bar ni na gama, sannan ta ce a hankali, “Ni na san jikina. In ajali ya iske ni bisa hanya, ba ni son a ɗauke ni daga bisa mushe.” Ashe tsoro take ji. Ba ta taɓa zuwa Gusau ba, kuma a ranta ba ta sa za ta dawo ba. Yaya yana bakin ƙofa, ya ji komai.

A ranar hadari ya fara haɗowa ta gabas, bai zubar ba, amma kowa ya gane saƙon. Da safe bayan mun karya na ji wani sauti a waje, kyat, kyat, kamar ana farke buhu. Na fita. Yaya ne durƙushe cikin motar da wuƙar da yake buɗe buhunan hatsi, ya riga ya feɗe kujerar baya, soso ya fito fari fat. Maƙwabta suna tsaye, wani ya ɗora hannu a ka, wani yana ta innalillahi kamar an yi mutuwa.

Da ya zo kujerar gaba na yi ihu na ce ya tsaya a nemo mai gyaran kujera daga Ƙaura. Ya ce ruwa ba zai jira mai gyara ba. Ya tsaga ta gefe ya ja, sai fatar ta taso tare da wasu siraran wayoyi da aka ɗinke a jikinta, suka tsintsinke a hannunsa. Su ne masu kawo ɗumin. Ya tsaya yana kallonsu a tafinsa, ni ma ina kallo, Inna ma da aka zaunar a zaure tana kallo. Abin da ya sa ya tsallake motoci biyu ya ɗauki mafi tsada, ga shi nan kamar saƙar gizo-gizo. Ya zubar da su, ya ci gaba da yanka, har fatar sitiyari bai bari ba.

Aka shimfiɗa bargo kan soson, aka ɗora buzun Inna na ragon da Baba ya yanka da hannunsa. Ta sa aka nuna mata ko'ina, sannan ta yi bisimilla muka ɗora ta. Na zauna a bayanta, ƙanwarmu a gefena. Ful ofshin ɗin Yaya ta koma kamar kazar da aka fige, ni dai ban iya kallon kujerun ba.

Muka kama hanya har muka wuce Zurmi. Inna tana cije leɓe duk inda mota ta faɗa rami. Sai na ga Yaya ya miƙa hannu ya danna maɓallin nan, ban sani ba ko mantuwa ce ko sa rai. 'Yar fitilar ta kama abinta kamar da. Inna ta dube ta, ta gyara kwanciya, bayan ɗan lokaci ta juyo da kai wajena.

“Gaya mishi na ji ɗumin, har cikin ƙashi. Gaya mishi Allah shi yi mai albarka.”

Tunda nake ban taɓa jin ta sa masa albarka yana wurin ba. Na kasa isar da saƙon, ba a ma bukata. Amma halina na son tabbatarwa bai bar ni ba, na zura hannu a hankali ta gefen kujerar, tsakanin bargo da soso. Babu komai, soso ne kawai. Kafin in janye sai na ji yatsunta sun kama nawa sun matse da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

“Kai, jaye hannunka,” ta ce, “kana tare min ɗumi.”

Yaya bai waiwayo ba. Ya goge ido da hannun riga, ya miƙa yatsa ya ƙara maɓallin zuwa hawa na biyu.