Labarin Ruwa da Gaisuwar Dendawa

Shekarar da kogin Kwara ya cinye shinkafar ƙanena a fadamar Lolo, labarin ruwan ya iso mana bayan ruwan da kansa. Ni kuwa na dawo gida Bagudo ke nan, bayan na tsufa ina gyaran kwamfuta a Kwatano da Yamai da Ikko. Na ƙudura cewa kafin wata damina za mu kafa saba, wato na'urar da za ta karɓi saƙon masu jiragen ruwa na tsallaken iyaka ta raba wa manoma a wayoyinsu.

Wadda za ta riƙa kula da ita 'yar maƙwabcina ce, mutumin kudu mai shagon magani. A nan aka haife ta, ta kuma koyi rubuta manhaja. Na so mu ɗora sababbin kayan aikin da na gani a Ikko, masu saurin gaske. Ita ta fi son tsofaffin da hannunta ya saba da su.

Ta ce, "Baba, ran da ta lalace kana asibitin ido a Birnin Kebbi, wa zai taɓa ta?"

Na bi nata. Muka gwada da rubutattun saƙonni, komai lafiya lau.

Da ruwa ya sauka, sai ga shi ba mai rubutu, kowa murya yake aikowa. A Kwatano na saba da mutum ya jefo maka kalma biyu da Faransanci ya wuce. Mutumin Dendi kuwa, irin masu jiragen nan, ba zai ambaci kogi ba sai ya tambayi gida da yara da gajiya da dabbobi. Ga sabis ɗin bakin iyaka mai rauni, waya tana kama na Benin tana saki. Saƙonni suka cunkushe, sabar ta tsaya cik.

Yarinyar ta ce a ƙayyade tsawon magana. Na hau babur zuwa Illo, wurin dattijon masu jiragen da ya fi kowa sanin ruwan, na gaya masa da yarensa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi ba ya jefa wa mutane mugun labari kamar dutse. In ba gaisuwa, a nemi wani.

Da tsofaffin kayan nan nata ta yi gyaran cikin kwanaki kaɗan, don ta san lungunansu. Ta sa maɓalli a gaba: ruwa ya ƙaru, ko ya ragu. Wannan yakan wuce nan take, muryar kuma ta bi layi a hankali.

Da alamar dattijon ta shigo cewa ruwa ya ƙaru, ƙanena ya tara mutane suka yanke shinkafar da ta nuna, wajen rabin gona. Sauran kuwa, ruwa ya ɗauka. Gaisuwar ba ta iso ba sai washegari, muna shanya damman shinkafa a kan tudu. Muka kunna ta muka saurara har ƙarshe, ƙanena yana amsawa a hankali, lafiya lau, lafiya lau.