Gafiyar da Saude Ta Ajiye a Duro

Saude ta rasu bara da kaka a Tarai. A wajen zaman makoki mata sun yi ta cewa mai haƙuri ce, babu wadda ta ambaci gafiyar. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata tun tana amarya, kuma ni ban san ta da haƙuri ba. Shiru gare ta.

Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Mijinta Mato manomi ne, mutum mai sanyi da ba ya son a ji kansa da kowa. Ta haihu da yawa, wajen rabi suka tsaya, kuma kowace haihuwa sai ta tafi mata da wani abu, yau haƙori, gobe gashin goshi.

'Yarta ta fari ita ce Nana Khadija. A nan uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna tana son ta a gaban mutane. Saude ta riƙe wannan alkunya fiye da kowa. "Waccan" take ce mata, ko da su biyu ne a tsakar gida.

Nana Khadija ta auri Lukman, mai gyaran babur a Rano. Da cikinta ya tsufa sai ta dawo gida goyon ciki, ta haifi mace aka sa mata Salamatu. Haihuwar ta zo da wuya, ta zubar da jini sosai. Ba ta yi arba'in ba, wata rana da damina bayan la'asar, bangon ɗakin da take kwance ya zame ana cikin ruwa. Jaririyar tana goye a bayan Saude a madafa. Azara ce ta faɗo ta yanki Nana Khadija a ƙwaurin hagu, yankan da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Muka yi ta godiya ga Allah.

Ciwon ya ƙi rufewa. Ya kumbura, ya yi mugunya, zazzaɓi ya shiga. Kafin a yarda a kai ta asibiti ƙafar ta yi baƙi. Ni na raka su. Likitan ya ce da wata ce mai lafiya, da ciwon ya warke da kansa, amma mai jego garkuwar jikinta ta yi rauni, ciki ya ci rabi, nono yana cin saura. Nana Khadija ta rasu ranar Alhamis.

Saude ba ta yi kuka ba. Uwa ba ta yi wa 'yar fari kuka a idon jama'a, mata kuwa suka yaba mata. Da aka watse sai ta ɗauki fartanya ta shiga tonon bangon da ya faɗi. A ƙarƙashinsa ta tarar da ramin gafiya, ya rarake tushen ginin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Cike yake da gyaɗarta, da cokali, da ɗankunnen Nana Khadija guda ɗaya da aka daɗe ana nema.

Ta aika Unguwar Gai aka zo da wani maharbi, ta ce da rai take son ta. Ya turara ramin da hayaƙin barkono, ya kamo wata ƙatuwar mace mai sheƙi, kumatunta cike da gyaɗa. Na ce wa Saude babu mai iya rantsuwa wannan ce ta yi ramin. Ta ce a ciki aka same ta, ya ishe ta.

Ta sa ta a duron ƙarfe, ta rufe bakin da ragar waya. Sai ta sa maharbin ya kamo mata namiji, shi ma da duronsa. A nan na tambaye ta ko kiwo za ta fara.

"Yaya, ba ki ji abin da likita ya ce ba?" in ji ta. "Haihuwa ce ta buɗe wa ciwon ƙofa. Ita ma haka za ta tafi."

Ba ta taɓa dukanta ba, ba ta kuma bar ta da yunwa ba. Tunkuza take ba ta, da rogo, da ruwa mai tsabta. Ta ce yunwa ba ta cikin hukuncin. Idan gafiyar ta haihu sai Saude ta bar 'ya'yan su tsotsa har su kusa yaye, sannan ta kwashe su ta miƙa wa maharbin don karnukansa, a ranar kuma ta zura namijin. Babu hutu tsakanin goyo da ciki.

A haihuwa ta biyu ban ga wani canji ba. A ta uku gashin bayanta ya fara zubewa, ƙuma ta cika ta, kwantsa ta riƙa taruwa a idonta. Namijin kuwa, abinci ɗaya suke ci, sai ƙiba yake.

Wani likitan dabbobi da ya zo yi wa shanu allura a rugar bayan gari ya ji labari, ya nemi ya gani. Ya daɗe yana leƙa duron. Ya ce abin da masu binciken ɓerayen daji suke samu ke nan: mai shayarwa tana cin ninkin abin da ta saba, jiki yana ƙona shi da gaggawa don yin nono, ƙunar kuma tana barin dattin da ke cin tsoka daga ciki, kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Abin da jiki zai yi gyara da shi, ya kuma kori cuta, duk ya tafi ga 'ya'ya. Ya ce a daji takan samu hutu da rani. Ya roƙi Saude ta kashe dabbar ta huta, ya kuma gargaɗe ta cewa ƙumar na iya kawo wa yarinya cuta. Saude ta ce ta gode, ashe ba ta ɓata hanya ba.

Liman ya aiko matarsa ta gaya mata azabtar da dabba zunubi ne. Ta ce ta sani, za ta tuba idan ta gama. Mato ya taɓa ɗaukar sanda zai ƙarasa gafiyar. Ta tsaya a gaban duron ta ce in ya taɓa ta, ya rubuta mata takardarta kafin ya ajiye sandan. Ya ajiye.

Duk wannan lokaci ita take renon Salamatu, da madarar gwangwani da kunu. Yarinyar ta fara tafiya, tana zuwa ta dafa duron. Maganar likitan dabbobi ta kai Rano. Lukman ba zai iya fuskantar surukarsa ba, sai ya zo wurina ya durƙusa ya ce, "Inna, ki gaya mata ta zaɓa. Ko a fitar da abin nan daga gidan, ko in ɗauki 'yata kafin azumi."

Na gaya mata kamar yadda ya faɗa, na ƙara da nawa. Na ce yarinyar nan ita ce abin da Nana Khadija ta bar miki, gafiya kuwa ba ta ma san laifinta ba. A lokacin gafiyar tana da ciki kuma, ta goge ƙafarta ta baya a bakin duron, ciwon ya fara ruwa. Saude ta kalli ciwon, ta ce saura kaɗan, Lukman ya jira. Bai jira ba. Ya turo yayarsa ta goye Salamatu a kan babur. Saude da kanta ta ƙulle mata kaya.

Gafiyar ta haihu, ta shayar da ciwon a ƙafa. Ya kumbura, ya yi wari. Wata safiya bayan ƙaramar sallah Saude ta kira ni ta kan katanga. Dabbar tana kwance a gefe, fata da ƙashi, 'ya'yan suna jan nonon da babu komai.

"Duba ƙafar, Yaya," in ji ta. "Ta yi baƙi. Kamar ta Nana Khadija."

Ran nan ne kaɗai na ji sunan a bakinta.

Da gafiyar ta mutu, ta aika Rano cewa an fitar da duron, a dawo mata da jikarta. Mahaifiyar Lukman ta ce yarinyar ta riga ta saba da su. Salamatu ta girma a can, tana zuwa Tarai da sallah, ta gaishe da Saude daga bakin ƙofa kamar baƙuwa. Bana aka yi mata aure.

Cikin ciwonta na ajali na tambayi Saude ko ta tuba kamar yadda ta gaya wa matar liman. Ta ce ta roƙi Allah gafara sau da yawa, amma an ce tuba sai da nadama, ita kuwa duk lokacin da ta tuna baƙin ƙafar nan sai ta ji sanyi a ranta.